Iya Ruwa Fid Da Kai: Gasarmu Ta Farko Ta Iyo Da Keke Da Gudu

Laccar da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai



An nemi mu yi muku bayani a kan wani wasa wanda har yanzu baƙo ne ga yawancinmu, watau wanda Turawa ke kira tirayatalon. Sunan daga harshen Girka ya samo asali, ma'anarsa kuwa gasa uku, saboda haka mu ma a nan gasar uku za mu riƙa kiransa. Mutum guda ne zai faɗa ruwa ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya sa gudu, duka a jere, agogo kuwa ba ya tsayawa tun daga shigarsa ruwa har ya tsallake layin ƙarshe.

Mu dai ba gwanaye ba ne. Mu huɗu ne, maza uku da mace ɗaya, waɗanda neman ilmi ya kai Ingila, muka shiga wannan gasa sau ɗaya tak, a gajeren zangonta. Abin da ya sa muka yarda mu tsaya gabanku shi ne, gwani yakan manta da wahalar ranar farko, amma ga sabon shiga tana nan ɗanya shataf a zuciyarsa. Abin da muka taho muku da shi kuwa shi ne, abu biyu gasar farko take aunawa a jikin mutum: ko zai iya haɗiye kunyar koyo, da kuma ko zai iya tattalin ɗan ƙarfin da yake da shi. Ƙarfin damtse da na cinya a bayan waɗannan suke.

Asalin wasan

Kafin mu kai ku bakin ruwa, ya kamata mu ɗan taɓa tarihi. Tun cikin shekarun 1920 ake yin wasu gasanni masu kama da wannan a Faransa, amma gasar uku irin ta zamani an soma ta ne ran 25 ga Satumba 1974, a birnin San Diyego na jihar Kalifoniya ta Amurka, inda wata ƙungiyar 'yan tsere ta shirya ta, mutum 46 suka shiga. A Fabrairun 1978 aka yi doguwar gasar nan ta tsibirin Hawayi mai suna Ironman, wadda iyonta ya kai kilomita 3.8, kekenta kilomita 180, gudunta kuwa kilomita 42 da 'yan kai. Mutum 15 suka tashi, 12 suka kai ƙarshe, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46. A 1989 aka kafa hukumar wasan ta duniya a Faransa, sa'an nan a shekarar 2000 ya shiga wasannin Olimfik a birnin Sidni na Ostireliya, da iyon mita 1,500, da keken kilomita 40, da gudun kilomita 10.

Gajeren zangon da muka shiga kusan rabin na Olimfik ne: iyon mita 750, keken kusan kilomita 20, gudun kilomita 5 da 'yan kai. Zakarun duniya sukan gama shi kafin awa guda ta cika. Sabon shiga kuwa yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In an ji waɗannan alƙaluma a zaune, sai a ce ai wannan wasan yara ne, domin wanene a cikinmu bai taɓa tuƙa keke kilomita 20 zuwa ƙauye ba? Amma fa a tuna, kowane ɗaya daga cikin ukun ana shigarsa ne da gajiyar na gabansa.

Kunyar koyo

Da muka yanke shawarar shiga, keke da gudu ba su dame mu ba. Ruwa shi ne ƙashin wuya. Biyu daga cikinmu ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, sauran biyun kuwa iyon kududdufi suka iya, irin wanda ake ɗaga kai sama ana bugun ruwa da hannu da ƙafa, wanda kan ƙarar da numfashin mutum kafin ya yi taku ashirin. Ga mu magidanta da masu shirin zama magidanta, kowa da digirinsa, wasu sun yi aikin gwamnati har an saba miƙe musu in sun shigo ofis. Sai ga shi an tsayar da mu a gefen da ba shi da zurfi na kwamin iyo, malamar iyo tana cewa mu tsoma fuska cikin ruwa mu hura kumfa ta hanci, alhali a layin da ke kusa da mu yara 'yan shekara bakwai suna wucewa kamar tarwaɗa.

A nan ne, jama'a, yawancin masu niyya suke komawa gida. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilmi, kuma dukanmu mun haddace wannan karin magana tun muna firamare. Sai dai mun lura cewa mu 'yan boko, da zarar mun sami takardar shaida, mun fi kowa gudun a gan mu muna koyon abu daga tushe. Mun gwammace a ce ba mu sha'awar abu da a ce ba mu iya shi ba. Gasar uku kuwa ba ta barin kowa da wannan mafaka, gama da wuya a sami wanda ya taso da gwanintar wasannin nan uku gaba ɗaya. Gwanin iyo yana fama da gudu, gwanin gudu yana shan ruwa a kwami. Kowa ɗan koyo ne a wani fanni.

Wata shida muka yi muna shiri. Wanda ya riga ya iya iyo, mako 12 kan ishe shi. Kwamin da muke zuwa tsawonsa mita 25 ne, watau sai mutum ya ratsa shi sau 30 kafin ya cika mita 750. A makon farko ratsawa ɗaya ma sai da hutawa. Sirrin da muka gano a hankali shi ne numfashi: ana fitar da iska ne a cikin ruwa, a hankali, ba a riƙe ta, sa'an nan a juya kai gefe a shaƙi sabuwa. Ranar da jiki ya yarda da wannan, ranar iyo ya daina zama kokawa. Kwana shida muke motsa jiki a mako, biyu iyo, biyu keke, biyu gudu, kwana ɗaya hutu, kuma duka bai wuce awa biyar zuwa shida a mako ba. Muna faɗin haka ne domin ma'aikatan da ke cewa ba su da lokaci. Akwai kuma wani horo na musamman da ake yi sau ɗaya a mako in gasa ta kusa, watau mutum ya sauka daga keke nan take ya kama gudu. Amfaninsa zai bayyana nan gaba.

Ranar gasa

Gasar da muka shiga ita ce wadda ake yi a fadar Bilenim, kusa da birnin Oksfod, gidan da aka haifi Winston Churchill a 1874. Sababbin shiga suna son ta domin iyon a tafki ake yi, ba igiyar ruwa irin ta teku, kuma hanyar keken a cikin harabar fadar take, ba motoci. Dubban mutane ke shiga, saboda haka rukuni-rukuni ake sakin su, kowane rukuni da launin hularsa ta iyo.

Tun da sanyin safiya kowa ya kai kekensa farfajiyar fadar, inda aka keɓe wurin sauyi. Nan ake rataye keke a jikin dogon ƙarfe, a jera hular kwano da takalmi da lambar gasa a ƙarƙashinsa. Ana ɗaura wa kowa wata 'yar na'ura a idon sawu mai lissafa lokacinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun daren jiya an duba birki, an sa wa sarƙa mai, an ba taya iska, an tanadi kayan faci. Ƙa'idar da masu wasan ke maimaitawa ita ce kada a gwada sabon abu ranar gasa, ko takalmi ne, ko abinci. Abin da ciki ya saba da shi, shi za a ci, awa biyu ko uku kafin a tashi.

Sai ruwa. Tafki daban yake da kwami ta kowace fuska. A kwami ruwan garau yake, akwai baƙin layi a ƙasa mai nuna hanya, akwai bango kowane mita 25 da mutum zai dafa. A tafki ruwan duhu gare shi, ko tafin hannunka da ƙyar kake gani, ba layi, ba bango, ƙafa kuma ba ta taɓa ƙasa. Ga sanyi. Ana sa wata rigar roba mai kama jiki tun daga wuya har idon sawu, wadda ke riƙe ɗumi, tana kuma taimaka wa mutum ya taso saman ruwa. Duk da haka, da ruwan sanyi ya taɓa fuska sai ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da sauri ba da son mutum ba. Likitoci sun san wannan hali, kuma yakan lafa cikin minti ɗaya zuwa uku. Wanda bai san da haka ba sai ya ɗauka mutuwa ce ta zo.

Shawarar da aka ba mu, wadda muka bi sau da ƙafa, ita ce mu tsaya a baya kuma a gefe, in an busa ƙaho mu ƙirga goma kafin mu motsa. Muna kallo na gaba suka rufta, ruwa ya yi fari fat, ƙafar wannan a fuskar wancan. Wasu ƙarfafan samari da suka yi rige-rigen shiga gaba, kafin mita 200 mun iske su riƙe da kwalekwalen masu ceto suna haki. Ba laifi ba ne a dokar wasan mutum ya dafa kwalekwale ya huta, muddin ba a ja shi gaba ba. In kuwa ya ji abin ya fi ƙarfinsa, sai ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu ɗaya, a zo a ɗauke shi.

Ɗaya daga cikinmu, wanda wata shida da suka wuce bai iya tsoma fuska a ruwa ba, tsoro ya kama shi a tsakiyar tafki. Abin da aka koya masa shi ya yi. Ya juya rigingine, ya dubi sama, ya ja numfashi goma a natse, sa'an nan ya ci gaba da iyon kwaɗo, kansa a waje, har zuciyarsa ta kwanta ya koma iyon da ya saba. Bai yi asarar abin da ya wuce minti biyu ba. Wannan shi ne iya ruwa fid da kai a zahiri. Akwai kuma dabarar ɗaga ido kowane bugu shida ko takwas a hango ƙaton tulun robar da aka kafa alama, domin kuwa ba wanda hannayensa biyu suke da ƙarfi ɗaya, kuma wanda bai duba ba zai yi ta karkata har ya mai da mita 750 ta zama 900.

Kada a ɗauki wannan bayani da wasa. Wani bincike da likitoci suka yi a Amurka a kan gasannin da aka yi daga 1985 zuwa 2016 ya ƙirga mutum 135 da suka mutu ko zuciyarsu ta tsaya a wurin gasa, 90 daga cikinsu a lokacin iyo ne. In aka kwatanta da miliyoyin da suka shiga, adadin kaɗan ne, amma ya isa ya nuna inda haɗarin yake. Duk mai ciwon zuciya ko hawan jini, ko wanda shekarunsa suka fara ja, ya ga likita kafin ya soma.

Da muka fito daga ruwa sai jiri ya ɗebe mu, domin jikin da ya yi minti ashirin a kwance an tayar da shi tsaye farat ɗaya. A Bilenim kuwa akwai hawa mai tsawon kimanin mita 400 daga bakin tafki zuwa farfajiya, ana yin sa ba takalmi, ana tafe ana zare rigar roba. Masu wasan suna kiran wurin sauyi wasa na huɗu, kuma gaskiyarsu. Akwai dokoki masu tsanani: ba a taɓa keke sai an sa hular kwano an ɗaure igiyarta, ba a hawansa sai an tura shi an wuce wani layi da aka ja, ba a kuma kwance hular sai an mai da keken mazauninsa. Mun ga wani dattijo mai furfura ya sauya kaya a natse cikin minti biyu ya wuce, ga wani saurayi yana ta kai da komo tsakanin layuka ya rasa inda ya rataye kekensa.

Tattalin ƙarfi

A kan keke ne jarrabawa ta biyu take. Mutum ya tsira daga ruwa, murna ta cika shi, ga iska tana kaɗa shi, ga mutane a gabansa da yake ganin zai iya wucewa. Zuciya sai ta ce masa taka. Hanyar zagaye uku ce, da hawa da gangara, jimla kusan kilomita 20. Doka ta hana mutum ya lafe a bayan wani domin ya kare masa iska, saboda haka kowa da guminsa yake tafiya. Mu dai mun riƙe abin da muka koya: giya mai sauƙi a wurin hawa, feda tana juyawa da sauri ba da nauyi ba, a kurɓi ruwa kaɗan-kaɗan, a kuma tuƙa da ƙarfin da mutum zai iya yin magana a cikinsa. An wuce mu da yawa a zagayen farko. Kekunanmu ma na haya ne da na aro, kusa da waɗansu da kuɗinsu ya isa sayen mota.

Sakamakon wannan haƙuri sai a gudu aka gan shi. Duk wanda ya sauka daga keke ya soma gudu zai ji ƙafafunsa kamar ba nasa ba, kamar an ɗaura musu buhun gero. Dalili kuwa, tsokokin cinya sun shafe kusan awa guda suna juyi iri ɗaya, jiki a dunƙule, sai ga shi an ce su miƙe su ɗauki nauyin mutum duka. Horon nan da muka ambata na sauka daga keke a kama gudu shi ya sanar da mu cewa nauyin yakan saki bayan kilomita ɗaya, in an yi gajerun taku aka jure. Da ya saki, sai muka soma tarar da waɗanda suka wuce mu a kan keke, wasu suna tafiya da hannu a ƙugu, wasu jijiya ta ɗaure musu ƙafa. Bashin da suka ci a kan keke ne gudu yake karɓa.

Wannan bashi ko zakaru bai bari ba. A gasar Hawayi ta Fabrairun 1982, wata ɗaliba mai suna Julie Moss tana kan gaba a cikin mata, saura 'yan taku ta gama, ƙafafunta suka ƙi ɗaukarta. Kathleen McCartney ta wuce ta, ita kuwa ta ƙarasa da rarrafe, daƙiƙa 29 a baya. Hoton wannan rarrafe da aka nuna a talabijin yana cikin abubuwan da suka sa wasan ya bazu a duniya.

Mu huɗun duka mun kai ƙarshe. Na farkonmu ya yi awa ɗaya da minti 38, na ƙarshenmu awa biyu da minti 6. 'Yar'uwarmu ce ta biyu a cikinmu, kuma ta yi gasar da suturar da ta rufe mata jiki. Ba ita ce farau ba, domin a 2013 Shirin Gerami ta Iran ta shiga gasar duniya a London cikin cikakkiyar sutura, a 2016 kuma ta gama doguwar gasar Hawayi. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tafin da aka yi wa na ƙarshenmu bai gaza wanda aka yi wa na farko ba, gama yawancin masu tafin sun taɓa shiga tafkin, sun san abin da ya gani.

Abin da ya shafe mu a gida

Wani zai ce, to, mu da ke nan ina ruwanmu da wasan da ake yi a fadar Turawa? Ruwanmu kuwa shi ne ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma in aka auna da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce ta fi kowace asara. Ba mu manta da jirgin ruwan da ya nutse a Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021 ba, ko na Bagwai ta jihar Kano a Nuwamban shekarar, wanda yara da dama suka rasu a cikinsa. Maganin irin wannan ya haɗa da rigar kariya da hana lodi fiye da kima, amma iya iyo ma yana cikinsa. Kowace damina kududdufai suna cin yara a unguwanninmu, manyan da ke tsaye a baki kuwa ba su iya shiga ba. Ba kuwa don iyo baƙo ne gare mu ba: Sarkawa da Kabawa gwanayen ruwa ne tun kaka da kakanni, kuma duk wanda ya je bikin kamun kifi na Argungu ya ga abin da idonsa. Mu mutanen aji da ofis ne muka bar shi.

Saboda haka muna ba Ƙungiyar Ɗalibai shawara uku. Ta farko, a nemi kwamin iyo mai tsabta, da malami, da mai ceto, a shirya darasin koyo ga ɗalibai da ma'aikata, a kuma ware wa mata lokacinsu da malamarsu. Kada kowa ya tafi koyo a dam ko kududdufi, domin ban da haɗarin nutsewa akwai cutar tsargiya da ake ɗauka a irin wannan ruwa, kuma kada a taɓa yin iyo ba da wani a kusa ba. Ta biyu, kafin a sami kwami, akwai ƙanwar wannan gasa da ake yi ba ruwa, watau gudu, sa'an nan keke, sa'an nan gudu. Ana iya shirya ta a harabar jami'a da kekunan da ɗalibai ke zuwa aji da su, muddin kowa ya sa hular kwano. Ta uku, a yi la'akari da zafin ƙasarmu: a tashi da sassafe, a ajiye ruwan sha a kan hanya, a sami ma'aikacin asibiti a wurin, a kuma kauce wa watannin bazara.

Ga kowane ɗayanku kuwa, musamman waɗanda suka fara aiki suka fara sabawa da kujera, roƙonmu shi ne ku ware awa biyar a mako, ku nemi wanda ya fi ku iyawa ko da ƙaninku ne, ku ce masa ya koya muku. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da kuka shirya taku gasar, ku aiko mana, za mu zo mu tsaya a bakin layi mu jira na ƙarshe.